Hanyar masu tafiya a ƙafa a Binduri, Bawku, Yendi da Salaga: wa ke ginawa, wa ke biya, kuma daga ina ake farawa

Hanyar masu tafiya a ƙafa ita ce wurin da ake keɓewa a gefen titi, a ɗaga shi sama da kwalta ko a raba su da dakalin kankare, domin mutum ya wuce ba tare da ya yi gogayya da mota ko babur ba. Masu jin Faransanci a Nijar da Burkina Faso na kiranta trottoir. A garuruwan arewacin Ghana irin su Binduri, Bawku, Yendi da Salaga, inda mafi yawan zirga-zirgar yau da kullum a ƙafa, a keke ko a babur ake yinta, irin wannan hanya ta yi ƙaranci. Abin da aka fi gani shi ne kwalta a tsakiya, ƙasa ko buɗaɗɗiyar kwata a gefe, sannan teburan masu sayar da kaya.

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ghana sun nuna cewa mutum 2,276 suka mutu a kan hanyoyin ƙasar a shekarar 2023, adadin ya haura zuwa 2,494 a 2024. A kowace ɗaya daga cikin shekarun biyu, masu tafiya a ƙafa sama da 2,000 ne ababen hawa suka buge. A duniya baki ɗaya, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma sama da kashi ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙafa ne.

Garuruwan huɗu da hanyoyinsu

Binduri gunduma ce a yankin Upper East. An cire ta daga Bawku a shekarar 2012, kuma ƙidayar 2021 ta nuna tana da mutum sama da 76,000, kusan dukkansu mazauna karkara. Gidajen sun warwatsu a cikin gonaki, saboda haka yaro kan yi tafiya mai nisa kafin ya isa makaranta, mace kuma kafin ta isa rijiyar burtsatse ko asibiti. Wurin da jama'a da manyan motoci suka fi cakuɗuwa shi ne Bazua, garin kasuwa da ke kan babbar hanyar Bolgatanga zuwa Bawku, ba nisa da gadar Kobore ta kogin Farin Volta. Da rani, lokacin da albasar fadama ta nuna, buhuna da motocin ɗaukar kaya kan cika bakin hanyar.

Bawku gari ne na kan iyaka. Daga nan hanya ɗaya ta nufi Kulungugu da Burkina Faso, wata ta nufi Pulmakom da Togo, kasuwarsa kuma na ci duk bayan kwana uku. Rikicin sarautar da garin ya daɗe yana fama da shi ya sa hukumomin tsaro sun sha kafa dokar hana fita da taƙaita hawan babur, musamman tun daga ƙarshen 2021. Duk lokacin da aka yi haka, mutanen da suka saba zuwa kasuwa, asibiti ko wurin aiki a kan babur sai su koma tafiya a ƙafa ko shiga keke mai ƙafa uku, kuma dole kowa ya koma gida kafin lokacin doka ya cika.

Yendi, mazaunin Ya-Na sarkin Dagbon, na kan babbar hanyar gabas mai lamba N2, wadda ta taso daga Tema a bakin teku ta bi ta Hohoe, Bimbilla, Yendi da Bawku har Kulungugu. Wata babbar hanyar ta haɗa garin da Tamale. Lokacin bikin Damba, a watan Mauludi, titunan da ke kusa da fadar Gbewaa kan cika da jama'a da dawakai.

Salaga kuwa, hedikwatar Gonja ta Gabas a yankin Savannah, ita ce cibiyar ƙasar da Hausawa ke kira Gwanja. A ƙarni na 18 da na 19 ayarin fatake daga Kano da Katsina kan shafe watanni a hanya, da yawansu ta Yendi, domin sayen goro a kasuwarta, inda kuma aka yi cinikin bayi. Yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, malamai da 'yan kasuwa suka watsu zuwa wurare irin su Kete-Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru Salaga, malamin da aka haifa a Kano. Tsofaffin unguwannin irin waɗannan garuruwa, har da zango-zangon Hausawa, an kafa su ne tun kafin zuwan mota. Lungunansu an yi su daidai da mutum da jaki, gidaje kuma sun matso bakin hanya. A irin wannan wuri, gina hanyar ƙafa mai faɗi na nufin taɓa katangar wani ko rumfar wani.

Wa ke da alhakin titi

Abu na farko da ke rikita mazauna shi ne cewa titin da ya ratsa gari ba lallai ba ne ya zama na majalisar garin. Ƙarƙashin Ma'aikatar Hanyoyi ta Ghana akwai hukumomi uku. Hukumar Manyan Hanyoyi, wadda aka kafa a 1974, ita ke kula da hanyoyin da suka haɗa yanki da yanki, kamar N2 da hanyar Bolgatanga zuwa Bawku. Sashen Hanyoyin Birane na kula da titunan cikin manyan garuruwa. Sashen Hanyoyin Karkara kuma na kula da hanyoyin burji da ke kai amfanin gona kasuwa.

Ghana na da majalisun ƙananan hukumomi 261, kuma matsayinsu ya bambanta. Bawku, Yendi da Gonja ta Gabas na da matsayin majalisar birni, wanda a tsarin doka ya ba su damar samun sashen hanyoyin birni. Binduri gunduma ce kawai, saboda haka harkar hanya na hannun sashen ayyuka na majalisa, wanda ya fi mayar da hankali kan hanyoyin karkara da kwalbatoci. Mutumin Bazua da ke son a yi wa bakin kasuwa hanyar ƙafa zai kai kuka wurin majalisar gunduma, amma hanyar da yake magana a kai ta Hukumar Manyan Hanyoyi ce, kuma zanenta da kwangilarta a Accra ake yanke su.

Hanyar Bolgatanga zuwa Bawku da Pulmakom, mai tsawon sama da kilomita 100, ta nuna yadda lamarin ke ɗaukar lokaci. An fara aikin sake gina ta a 2016 da kamfanin Queiroz Galvão na ƙasar Brazil, aikin ya tsaya saboda kuɗi, aka sake tayar da shi, ya kuma sake samun cikas lokacin da Ghana ta shiga matsalar bashi a 2022. A aikin da aka bari rabi da rabi, abubuwan da ake yi a ƙarshe, wato gefen hanya, murfin kwata, zanen tsallakawa da alamomi, su ne ke zama ba a yi ba. Motoci kuma na ƙara gudu da zarar an shimfiɗa kwalta, ko da sauran ba su kammala ba.

Daga ina kuɗin ke fitowa

Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya tanadi cewa a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a zuba a asusun bai-ɗaya na majalisun gundumomi. Wannan asusu shi ne babban abin dogaro ga gunduma irin Binduri, wadda harajin kasuwa da kuɗin lasisi da take tarawa ba su taka kara sun karya ba. Matsalar ita ce kuɗin kan makara, kuma yakan zo da ƙa'idar yadda za a kashe shi. A 2025 gwamnati ta ce kashi 80 cikin 100 na asusun zai tafi kai tsaye ga majalisu, ta kuma raba shi gida-gida: kashi 25 don gina kasuwanni na zamani, kashi 20 don kammala ayyukan da aka yi watsi da su, sai kashi goma-goma ga lafiya, gine-ginen makaranta, ruwan sha, tsaftar muhalli da kujerun ɗalibai, ragowar kashi 5 kuma ga gudanarwa. Babu gida na musamman da aka ware wa hanyar ƙafa. Hanyar da ta rage ita ce a shigar da ita cikin zanen kasuwa ko makarantar da za a gina.

Kuɗin gyaran manyan hanyoyi ya daɗe yana fitowa daga harajin man fetur, ta asusun hanyoyi da aka kafa a 1985. A ƙarshen watan Yulin 2024 kuma gwamnati ta ƙaddamar da shirin inganta hanyoyin gundumomi, inda ta raba wa majalisu injuna sama da 2,000, irin su gireda, rola, tifa da tankar ruwa. Waɗannan injuna na iya baje gefen hanya, su zuba burji, su danne shi. Gefen hanya mai faɗi da aka danne da kyau bai kai kankare ba, amma a ƙauyen da yara ke tafiya a kan kwalta yana rage haɗari da kuɗi kaɗan.

Yadda buƙatar jama'a ke shiga tsari

Kowace majalisa na rubuta tsarin ci gaba na shekara huɗu, bisa jagorancin Hukumar Tsare-tsaren Ci Gaban Ƙasa. Na baya ya shafi 2022 zuwa 2025, na bayansa 2026 zuwa 2029. Dokar tsare-tsare ta 1994 ta wajabta a yi zaman sauraron jama'a kafin a amince da tsarin, dokar ƙananan hukumomi ta 2016 kuma ta ba mazauna haƙƙin shiga harkokin majalisarsu da gabatar da koke. Daga wannan tsari ake ciro ayyukan kowace shekara da kasafinsu. Aikin da bai shiga ciki ba, da wuya ya samu kuɗi.

Matakin farko shi ne kwamitin unguwa mai zaɓaɓɓun mutum biyar da ɗan majalisar mazaɓa, wanda ake kira asambiliman. Ana zaɓensu ba da sunan jam'iyya ba, kuma an yi irin wannan zaɓe a watan Disambar 2023. Kashi 70 cikin 100 na 'yan majalisa zaɓaɓɓu ne, sauran shugaban ƙasa ke naɗa su, kamar yadda shi ke gabatar da sunan shugaban gunduma. Buƙatar hanya kan bi ta ƙaramin kwamitin ayyuka, ta je kwamitin zartarwa, sannan babban zauren majalisa, wanda doka ta ce ya zauna aƙalla sau uku a shekara. A zango, sarkin zango, limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi su ne sukan haɗa kan mutane kafin a je wannan zama.

A irin waɗannan zama hanyar ƙafa ba ta cika zuwa a sahun gaba ba, kuma dalilin a bayyane yake. Ƙauyen da ba shi da ruwan sha, ɗakin haihuwa ko ajin karatu zai fara ambaton waɗannan. Idan ma an zo kan hanya, abin da ake nema shi ne kwalta da gada. Binciken jin ra'ayin jama'a na Afrobarometer na 2019 ya nuna cewa hanyoyi da ababen more rayuwa su ne matsalar da 'yan Ghana suka fi son gwamnati ta magance, gwamnati kuma ta ayyana 2020 a matsayin shekarar hanyoyi. Amma ana auna nasarar irin wannan shiri ne da yawan kilomitan kwalta, ba a cika ƙirga abin da aka yi wa mai tafiya a gefe ba.

Wuraren da ya kamata a fara

Babu majalisar da za ta iya yi wa dukkan titunanta hanyar ƙafa lokaci guda. Masana harkar hanya kan ba da shawarar a jera wurare bisa yawan masu wucewa, gudun ababen hawa da raunin masu amfani da wurin. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan garuruwan huɗu, jerin zai kasance kamar haka.

Na farko, magudanar ruwa. Damina a wannan yanki ɗaya ce, daga kusan Mayu zuwa Oktoba, kuma ruwan kan sauko da ƙarfi. A Binduri akwai ƙarin barazana: kusan kowace shekara a watan Agusta ko Satumba kamfanin wutar lantarki na Burkina Faso, SONABEL, kan buɗe madatsar ruwan Bagre, Farin Volta ya cika ya malala gonaki da hanyoyi. Hanyar ƙafar da aka gina ba tare da magudana ba, ruwa zai rarake ƙasan ta cikin damina kaɗan. Idan kuwa aka gina kwata aka rufe ta da murfin kankare mai ƙarfi, an samu magudana da wurin tafiya a aiki ɗaya. Sharaɗin shi ne murfin ya zama wanda za a iya ɗagawa a yashe.

Na biyu, ƙofar makaranta, asibiti, masallacin Juma'a da coci. Dokar hanya ta 2012 ta ƙayyade gudun kilomita 30 a sa'a a irin waɗannan wurare da kasuwanni, da kilomita 50 a cikin gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum da mota ta buge a gudun kilomita 50 na da ƙasa da kashi 20 cikin 100 na haɗarin mutuwa, amma a gudun kilomita 80 haɗarin ya kusan kashi 60. Allon gargaɗi kaɗai ba ya rage gudu. Abin da ke aiki shi ne tudun rage gudu da injiniya ya auna, tare da zanen tsallakawa. Inda hukuma ta yi jinkiri, mazauna kan tara ƙasa ko su haƙa kwalta su yi nasu tudun, wanda doka ta hana, kuma yakan kayar da masu babur da dare.

Na uku, bakin kasuwa da tasha, inda ake lodi da sauke kaya. Nan buƙatar ta wuce wurin tafiya. Sai an ware wa motocin kaya, keken yalo-yalo da amalanken jaki wurin tsayawa a wajen kwalta.

Na huɗu, gadoji da kwalbatoci. A nan ne hanya ke tsukewa, mai tafiya ba shi da inda zai kauce idan manyan motoci biyu suka haɗu.

Na biyar, fitila. Mai tafiya zuwa sallar asuba ko mai dawowa daga kasuwa bayan magariba ba ya ganin ramin kwata, direba ma ba ya ganinsa, musamman lokacin hazon hunturu.

A duk waɗannan wurare akwai batun masu buƙata ta musamman. Dokar naƙasassu ta Ghana ta 2006 ta ba da wa'adin shekara goma a gyara wuraren jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin ya cika a 2016. Hanyar ƙafa mai faɗin mita 1.8 na ba keken guragu biyu damar wuce juna, amma idan babu gangara a bakinta, ko an kafa turken wuta a tsakiyarta, gurgu da makaho da tsoho za su koma kan kwalta.

'Yan kasuwa da hanyar ƙafa

Dokar hanya ta 2012 ta hana saye da sayarwa a kan titi da hanyar masu tafiya. Amma mai ƙosai, mai shayi da mai tebur suna zama ne inda ƙafa ke wucewa, domin nan ciniki yake. Accra ta gwada kora sau da dama. An gina wa masu talla kasuwa ta musamman a Odawna, da yawa suka koma bakin titi saboda masu saye ba su bi su can ba. A 2025 hukumar birnin ta koma jan layi a wasu titunan, aka ce mai kaya ya tsaya bayan layin, gaban layin na masu wucewa ne. Ga garuruwa irin Bawku da Salaga, inda ciniki shi ne abincin gidaje da yawa, abin da wannan ke nunawa shi ne a zauna da shugabannin kasuwa, maza da mata, tun lokacin zane, a auna wurin tebur da wurin tafiya tare.

Misali daga Tamale da Adenta

Tamale, babban birnin yankin Arewa, ta yi suna da layukan keke da aka ware a gefen manyan titunanta. Sun nuna cewa raba masu ƙaramin gudu da motoci abu ne mai yiwuwa a arewa, sun kuma nuna cewa idan ba a sa ido ba, babura da rumfuna kan mamaye wurin.

A Adenta, kusa da Accra, an faɗaɗa babbar hanyar Madina aka bar gadojin sama na masu tafiya a ƙafa guda shida ba a kammala ba. Mutane suka riƙa mutuwa wajen tsallakawa. A watan Nuwambar 2018, bayan mota ta kashe wata ɗalibar sakandare, mazauna suka tare hanya suka ƙona tayoyi, gwamnati ta ba da kwangila cikin gaggawa, aka kammala gadojin a 2019. Gadojin na cikin zanen tun farko, kuɗinsu ne aka jinkirta.

A Nijar ma an ga yadda bikin 18 ga Disamba da ya riƙa zagayawa tsakanin jihohi ya kawo wa Maradi a 2015 da Damagaram a 2018 sababbin tituna da fitilu cikin ɗan lokaci. Bayan biki, kula da su ya koma wuyan ma'aikatar magajin gari, kamar yadda yake komawa wuyan majalisun gundumomi a Ghana.

Gyara da lokacin magana

Gyaran hanyar ƙafa ƙananan ayyuka ne da ake maimaitawa: maye murfin kwata da ya karye, yashe magudana kafin ruwan farko, cike inda zaizaya ta ci, sabunta zanen tsallakawa. Murfi ɗaya da ya ɓace ya isa ya mayar da kowa kan kwalta, kuma sau da yawa babbar mota ce da aka ajiye a kai ta karya shi. Waɗannan ayyuka na cikin ƙarfin majalisa da aikin gayya na unguwa, matuƙar an sa su a kasafin shekara.

Sabon gini kuwa yana da lokacinsa. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙara hanyar ƙafa a takardar zane ya fi sauƙi da araha fiye da fasa kwalta da kwata bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Dokar haƙƙin samun bayanai ta 2019 ta ba kowane ɗan Ghana damar neman bayani daga hukumar gwamnati a rubuce. Mazaunin Bazua, Bawku, Yendi ko Salaga na iya tambayar majalisarsa ko ofishin yanki na Hukumar Manyan Hanyoyi abu uku: ko zanen hanyar da za ta ratsa garinsu ya ƙunshi wurin masu tafiya a ƙafa da murfin kwata, wace hukuma ce za ta gyara su bayan an miƙa aikin, da kuma ranar da za a yi zaman sauraron jama'a kan kasafin shekara mai zuwa.